Ƙullutu a mama ga mai goyo: nono ne ya daskare, ko a tafi asibiti?

Yaya Babba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka mana da shawara. Ƙanwata ce, shekararta 34, haihuwarta ta huɗu, yaron yana wata biyar. Kusan wata biyu ke nan tana jin wani ƙullutu a mamanta na hagu, ta sama wajen hammata. Ba ya ciwo, ba zazzaɓi, yaro yana shan nononsa lafiya lau. Goggonmu ta ce nono ne ya daskare, a riƙa gasawa da ruwan zafi ana murzawa. An yi, bai baje ba. An sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ta sha na kwana biyar, shiru. Yanzu gida ya rabu biyu: wasu na cewa a kai ta wurin wanzami ya tsaga, wasu na cewa kada ma a bari allura ko ƙarfe su taɓa wurin, domin idan daji ne to an tsokano shi. Mijinta kuma ya ce a bari sai ta yaye. Wanne za mu bi? In asibiti ne, me za mu ce a yi mata, don kada a sallame mu da farasitamol?

Sista Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya yaro. 'Yar'uwa, murzar nan a daina ta daga yau. Maganar Goggo tana da tushe, domin yawancin ƙullutun da mai goyo ke ji na nono ne. Sai dai na nono yana da halinsa, kuma abin da kika bayyana bai bi wannan halin ba.

Idan hanyar nono ce ta matse, wurin yakan yi tauri, yana ciwo in an taɓa, yana raguwa bayan yaro ya sha, kuma cikin kwana biyu zuwa uku yake bajewa. In ya wuce nan ya zama kumburin mama, gefe guda zai ɗauki zafi, a ga zazzaɓi ya kai digiri 38.5 ko fiye, da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi. A fatarmu ba lallai a ga ja ba, sau da yawa wurin duhu yake yi yana sheƙi. An fi samun wannan a watanni ukun farko bayan haihuwa. Abin da ake yi shi ne yaro ya ci gaba da shan duka biyun yadda ya saba, ba a hana shi mai ciwon, ba a kuma dage da tatsa fiye da abin da yake sha, domin yawan tatsa ƙara kawo nono yake yi. A ɗora tsumma mai sanyi na minti goma bayan ya sha, a sha farasitamol ko ibuprofen 400mg bayan cin abinci, in ba ta da gyambon ciki. In kwana ɗaya zuwa biyu ba sauƙi, likita ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta irin su flucloxacillin 500mg sau huɗu a rana, na kwana 10 zuwa 14. Na kwana biyar ɗin kemis, ko da ciwon ne, rabin magani ne.

Dalilin hana murza: a da ana ɗauka wani guntun nono ne ya toshe hanya sai an ture shi. Yanzu an gane kumburi ne a naman da ke kewaye da hanyoyin, shi ke matse su daga waje. Murza da ƙarfi da ruwan zafi ƙara kumburin suke yi, har su kai ga ruwa ya taru. In kuwa ya taru ya zama maruru a ciki, allura ake sa wa a zuƙe ana kallo a sikanin, wani lokaci sau biyu ko uku. Askar wanzami tana iya yanke hanyoyin nono, a bar ta da rauni yana yoyon nono makonni, ban da haɗarin ciwon hanta da sandarewar haƙora.

Akwai ƙullutun nono guda ɗaya da ba ya ciwo, wato nono ya taru a cikin 'yar jaka, mai santsi, yana motsi, yana iya yin watanni. Zai yiwu shi ne. Amma hannu ba ya iya rantsewa a kan haka, ko hannun wane ne. Ƙa'idarmu ga mai goyo: duk ƙullutun da ya wuce sati biyu bai tafi ba, sikanin ake yi. Nata ya yi sati takwas.

Likitan Tiyata ya amsa:

Hajiya, bari in fara da abin da zai kwantar da hankali, domin gaskiya ne: a cikin ƙullutu goma da ake samu a mama, takwas zuwa tara ba sankara ba ne. A 'yan mata da matan da ba su kai 35 ba, an fi samun wani mai santsi mai taurin roba, yana zillewa ƙarƙashin yatsa, yawanci santimita ɗaya zuwa uku, ba ya cutarwa. Daga 35 zuwa 50 kuma jakar ruwa ta fi yawa, wadda ke cika tana ciwo gab da al'ada. To amma rashin ciwo ba alamar lafiya ba ce. Sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo ko kaɗan, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su zauna a gida. Wurin da kika ambata ma, sama ta gefen hammata, nan ne naman mama ya fi yawa, nan kuma aka fi samunta.

Abin da za ku nema abu uku ne a haɗe, kada ku yarda da ɗaya kawai. Likita ya duba mama biyun da hammata da saman ƙashin wuya da hannu. A ɗauki hoto. In hoton ya nuna nama ne ba ruwa ba, kuma akwai shakka, a ɗebi ɗan naman da allura a gwada. Ku nemi sashen tiyata na babban asibiti, ku faɗi maganar a sarari: ƙullutu ne wata biyu, ba ya ciwo, an sha magani bai tafi ba. A Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Tarayya a Gwambe, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Waɗanda ke Nijar suna da cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai.

Ɗiban naman aikin minti 20 zuwa 30 ne. Ana kashe wurin da allurar kashe zafi, a ɗan huda fata, a sa wata allura mai kauri ta gutsuro zare-zaren nama uku zuwa biyar, a danna wurin minti biyar zuwa goma, a manna filasta, ta koma gida. Tana iya shayarwa a ranar. Zai fi kyau yaro ya sha kafin a fara don mama ya yi sako-sako. Akwai siririyar allura da ke zuƙo ƙwayoyin halitta kaɗai, tana da sauƙin kuɗi, amma mai kaurin ta fi, domin ita ce ke nuna irin sankarar da kuma maganin da za ta ji.

Maganar "daji ba ya son ƙarfe" kuwa, na san inda ta samo asali. Mace ce za ta zauna da ciwo shekara biyu, sai ya fashe ya kama huhu ko ƙashi sannan a kawo ta. A yi abin da za a iya, bayan wata uku Allah ya yi mata rasuwa, sai dangi su ce allura ce ta tayar da shi. Ciwon ya riga ya yaɗu tun kafin a taɓa ta. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuma ba ta yawo tana faɗa, shi ya sa unguwa ba ta san labarinta ba. Allurar gwaji ba ta yaɗa sankara a jiki.

A gaya wa maigidan cikin girmamawa: yaro ɗan wata biyar, yaye sai ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, ke nan jiran fiye da shekara ake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a gama bincike a san matsaya cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Girman ƙullutu yana da lissafi wajen sanin matakin da ciwon ya kai: wanda bai wuce santimita 2 ba daban, daga 2 zuwa 5 daban, sama da 5 daban. Idan ƙarami ne, sau da yawa ana iya cire shi da ɗan naman gefensa a bar mata mamanta, a biyo da gashin na'ura. Tsoron yanke mama, da tsoron abin da zai biyo baya a gidan aure, shi ke sa mata da yawa ɓoyewa, alhali jinkirin ne ke kai wa ga yankewar. A ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin 100 na raye shekara biyar bayan an gano ciwon, a ƙasar Afirka ta Kudu kusan 40 ne. Bambancin galibi lokacin zuwa ne da samun magani.

Abu ɗaya da nake so masu goyo su riƙe. Akwai nau'in sankara da ba ta zuwa da ƙullutu, sai mama ya kumbura ya yi nauyi da ɗumi, fatar ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo. Tana kama da kumburin shayarwa sosai. Duk kumburin da aka sha maganin da ya dace na sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ba sauya magani ake ta yi ba, nama ake ɗiba.

Mai Ɗaukar Hoto ya amsa:

Ƙari a kan na Likita, ta ɓangaren hoto. A shekarunta, ga kuma goyo, sikanin ake farawa da shi, irin na awon ciki amma da kan na'ura na daban. Dalili shi ne maman matashiya da na mai shayarwa cike yake da nama, a mamogiram, wato hoton mama na eksire, fari fat yake fitowa, sankara ma fara take fitowa, sai ta ɓuya. Sikanin kuwa nan take yake raba ruwa da nama. In ya nuna abin shakka, ana iya ƙarawa da mamogiram ko tana shayarwa, ba ya ɓata nono. Ranar mamogiram kada a shafa hoda ko turaren hammata, suna fitowa a hoto kamar ɗigon alli su rikita mai karantawa.

Ku duba ƙasan takardar sakamako, za ku ga an rubuta BI-RADS da lamba. 1 ba a ga komai ba. 2 an ga abu amma ba mai cutarwa ba. 3 kusan tabbas lafiya ne, yiwuwar sankara ba ta wuce 2 cikin 100 ba, amma a dawo bayan wata shida, kuma a dawo ɗin. 4 da 5 dole a ɗebi nama, a 5 yiwuwar ta kai 95 cikin 100. In an rubuta 0, hoton bai isa ba, ana son ƙari. Takardar da ta ce "ƙullutu" kawai, ba girma a santimita, ba siffar gefensa, ba lamba, ba maganar hammata, ba ta gama aikinta ba. Sannan in hannu yana jin abu amma hoto ya ce 1, ba a rufe magana. A koma wurin likitan da ya taɓa.

Ɗan Ɗakin Gwaji ya amsa:

Hajiya, nawa gargaɗin a kan abin da ke faruwa bayan an cire ne, domin nan ake asarar da ba ta gyaruwa. Wasu ƙananan wurare sukan yanke ƙullutu gaba ɗaya ba hoto ba gwaji, su nuna wa dangi a faranti, a jefar ko a ba su su binne. Bayan wata shida abu ya dawo a kan tabon, babu wanda ya san mene ne aka cire. Duk naman da ya fita daga mama, komai ƙanƙantarsa, komai kyan da ya yi a ido, ɗakin gwaji zai tafi.

Tunda a wurinmu sau da yawa dangi ake miƙa wa robar su kai da kansu, ku san yadda ya kamata ta kasance. Naman yana shiga ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin awa ɗaya da cire shi. Ruwan ya ninka girman naman kamar sau goma, ya shanye shi sarai, a roba mai faɗin baki da murfi mai kyau. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, kada kuma a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. A jikin robar, ba a murfi ba, a rubuta suna, lambar asibiti, hagu ko dama, rana da lokaci. A kai da wuri, domin gwajin da zai biyo baya yana so naman ya zauna a fomalin tsakanin awa 6 zuwa 72. In ya yi sati a cikin jaka ana jiran kuɗin mota, sakamakon na iya fitowa ba daidai ba.

In, Allah ya kiyaye, aka ce sankara ce, ku tambayi sakamakon abu uku da ake dubawa a naman don sanin maganin da za ta ji: ER, PR da HER2. Mai ER tana jin ƙwayar tamoxifen, 20mg kullum na shekara biyar zuwa goma, mai sauƙin kuɗi. Mai HER2 tana da allurarta, trastuzumab, ta kusan shekara guda, mai tsada. Wadda ba ta da ko ɗaya kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da galibi ake ƙarawa ta jijiya, shi ne maganinta, kuma irin wannan ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Ba tare da gwajin nan ba, lalube ake yi. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya batun asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya, wanda ya haɗa da ta mama, ko asibitin yana ciki.

Yaya Babba ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira. Mun karanta wa mijin, ya amince, Litinin za mu tafi in sha Allahu. Sista, mu sauran 'yan'uwanta mata fa, yaya ake duba kai? Sannan ƙanwar babanmu da ciwon nan ta rasu tana da shekara 45. Wasu sun ce tunda ta wajen uba ne ba ya bin mu.

Sista Ungozoma ta amsa:

Sau ɗaya a wata ya isa, tsakanin kwana na 7 zuwa na 10 daga ranar da jini ya fara, lokacin da mama ya saki. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana guda, misali ranar da aka ga wata. Mai goyo ta duba bayan yaro ya ƙoshi.

A fara da ido, a gaban madubi da haske: hannu a sake, sannan a ɗaga sama, sannan a dafa ƙugu a matse. Ana neman wurin da fata ta lotsa, kan mama da ya koma ciki alhali da ba haka yake ba, gefe da ya sauya siffa, ko ƙuraje da ɓawo a kan mama da suka ƙi warkewa sati biyu zuwa uku. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma tun budurci ba komai ba ne. Sai a kwanta rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗar dama, hannun dama a bayan kai, a duba da yatsu uku na tsakiya na hagu. Da tafin yatsun, ba da tsininsu ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama mama tsakanin babban yatsa da sauran a matsa, a haka kowace mace za ta ji ƙullutu ta tayar da hankalinta a banza. A danna a hankali, a ƙara, sannan a danna har a ji haƙarƙari, ana bi layi-layi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan mama, daga tsakiyar ƙirji zuwa cikin hammata. A sauya gefe. Kaluluwa a hammata da ta wuce sati biyu zuwa uku ba ƙurji ba rauni a hannu, ita ma a nuna ta.

Ba a matsa kan mama ana neman ruwa. Wanda ake damuwa da shi shi ne mai fita da kansa, daga gefe guda, ta ƙofa guda, jini ko garau kamar ruwa, ki gan shi a rigar mama. Sau da yawa ɗan tsiro ne marar illa a cikin hanyar nono, amma sai an duba. Sa kuɗi ko waya a rigar mama ba a tabbatar yana kawo sankara ba. Shayarwa tana rage haɗari, kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekarar shayarwa, amma ragewa ce ba katanga ba, masu 'ya'ya goma ma suna kamuwa.

Duba kai ba ya maye gurbin hannun ma'aikaciyar lafiya. In kin je awo, ko rigakafin yaro, ko tazarar haihuwa, ki ce a duba miki, ko da sau ɗaya a shekara.

Likitan Tiyata ya amsa:

Hajiya, wanda ya ce ba ya bi ta wajen uba ya yi kuskure. Ƙwayoyin gadon da aka fi sani, BRCA1 da BRCA2, ana ɗaukarsu daga uba kamar yadda ake ɗauka daga uwa, kuma namijin da ke ɗauke da su yana iya ba 'yarsa shi bai taɓa ciwo ba. Maza ma suna kamuwa, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon. Goggo ɗaya ba ta nufin lallai gado ne, domin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na sankarar mama ke zuwa ta wannan hanya, amma shekarunta 45 abin faɗa wa likita ne ranar Litinin. Ku bincika a dangin babanku ko akwai wata da ta yi ciwon mama ko na ƙwan mahaifa, da shekarun da aka gano shi, ba shekarun rasuwa ba.

Ga wadda ba ta jin komai, a Amurka shawarar 2024 ita ce mamogiram duk shekara biyu daga 40 zuwa 74, a Ingila daga 50 ake kira duk shekara uku. A nan ciwon yakan zo wa mata da ƙuruciya, don haka wadda ta kai 40 a cikinku kuma tana da hali ta fara. In sakamakon ƙanwarku ya nuna sankara, lissafin ya sauya: ku 'yan'uwanta na ciki ɗaya za ku fara bincike tun kafin 40, likitanta zai tsara muku. Ranar Litinin ta tafi da kwalin maganin da ta sha, da yaron, da wadda za ta riƙe shi.